Hajar da Ba Mai Taya

Shekarar da aka kafa dogon ƙarfen waya a bayan unguwarmu ke nan, damina ɗaya bayan rasuwar maigidana. Kowa a Zuru zancen hannun jari yake, har matan tsofaffin sojoji da ba su taɓa leƙa banki ba. Ni kuwa da na tsufa ina sayen dawa da kaka, in zuba a rumbu, sai damina ta yi tsakiya in fitar, na ce ai wannan sana'ata ce. Na jinginar da gonarmu ta Manga ga wani ɗan kasuwa, na sayi hannun jarin wani kamfanin inshora. Sharaɗinsa, in fanshe ta kafin ruwan shuka, in ba haka ba ta zama tasa.

Da farashi ya hau, aka ce in sayar. Na ƙi. Ina jiran ya ƙara tsada, yadda na saba yi da dawa.

Bazara ta kama, hadari ya fara haɗuwa, na aika wa dillalin da ya saya min a Kaduna ya sayar. Ya ce babu mai saye. Na ce ƙarya yake, ina aka taɓa ganin haja mai tsada ta rasa mai taya?

Ɗiyar ƙanwata na aiki a shagon kwamfuta bakin kasuwa. Na je na zauna mata.

"Ki tono min cinikin kamfanin nan tun ranar da na shiga."

"Inna, wuta fa babu, kuma layin intanet yana ja da ciki."

"Ki tada janareto, ni zan sayi mai."

Muka yini tana kwaso lissafin kowace ranar kasuwa, tana jerawa a wani jadawali mai gida-gida. Layin ya tsinke, ta sake. Ba na karatu, amma na san sifiri.

"Wannan layin farashi ne, Inna, yana nan sama. Na kusa da shi kuma yawan abin da aka saya ne ranar."

"Waɗannan ƙwayayen fa da suka jeru har ƙasa?"

"Ba wanda ya saya ke nan."

"Koma baya!"

Ta koma. Can watannin da ake cewa in sayar, gidajen cike suke maƙil. Daga nan suka yi ta ramewa. Masu saye sun watse tun ina gida ina yi wa mutane dariya. Dawa ko ta yi ƙwari, mai yunwa zai zo. Wannan ba mai yunwarta.

Na roƙe ta ta duba ko akwai wata kasuwar a Legas, ko a ƙasar Turawa, ko da rabin kuɗi. Na kama hannunta a kan teburin ina rantsuwa zan yarda da kowane tayi. Ta ce, "Inna, kasuwar ɗaya ce."

Na je wa ɗan kasuwar har gida, ni da ban taɓa durƙusa wa kowa ba in ba surukaina ba. Ya ba ni ruwa na sha, ya ce magana ta riga ta ƙare. Ruwan shuka ya sauka, ya tura manomansa.

Yanzu dillalin ya rasu, haka matan da muka shiga tare, saura ɗaya a Mahuta da ba ta gani sosai. Ɗiyar ƙanwata tana nan da jikoki. Ɗan kasuwar ma yana raye, bana masara ya shuka a gonar.