Haihuwar Da Na Yi Ina Zargin Likita

Ɗana na fari aiki aka yi mini aka ciro shi, a wani asibiti mai zaman kansa a nan Azare. Don haka da na samu ciki na biyu, bayan yaron ya yi wayo har ya shiga makaranta, ban ma kawo naƙuda a raina ba. A unguwarmu abin da mata ke faɗa shi ne, wadda aka taɓa yi wa aiki ta yi sallama da haihuwa da kanta.

Wannan karon babban asibiti na je awo. Likitar mace ce, ba ta cika fara'a ba. Ta duba tabon da ke marata, ta kalli hoton cikin, sannan ta ce, "Me ya sa aka yi miki aikin farko?"

Na ce ban sani ba. Gaskiya na faɗa, don ina cikin ciwo aka shirya ni, maigidana ne ya yi magana da su. Na kira shi a waya a gabanta, ya ce abin da ya iya tunawa, sun ce yaron da ƙafa ya taho.

"To wannan kansa a ƙasa yake," in ji ta. "In komai ya ci gaba a haka, za ki iya gwadawa da kanki. Amma a nan asibiti, ba a gida ba."

Maimakon murna, hankalina ne ya tashi. Na koma gida ina ta saƙe-saƙe. Ko ɗakin tiyatar ne ya cika musu suke rage mutane? Ko ɗaliban da na ga suna biye da ita ne za su koyi aiki a kaina?

Mahaifiyata ta zo daga Katagum don ta zauna da ni. Na zayyana mata komai, ta taɓe baki ta ce, "Ni na farkon ne ban yarda da su ba. Wa ya ga ƙafar?"

"Inna, ba ki taimake ni ba," na ce. Ga zargi ya zama biyu.

Da na koma awo na tambayi likitar kai tsaye, in ɗinkin ya ɓalle fa? Ta ce yana iya faruwa ko da yake ba kasafai ba, shi ya sa za a tanadi jini, ɗakin tiyata kuma na nan kusa. Ta ce aikin ma yana da nasa haɗarin, kowane yanka yana ƙara wa na gaba wuya. "Zaɓi naki ne," in ji ta. Wannan ma bai kwanta mini ba. A raina na ce so take in wani abu ya faru a ce ni na zaɓa. Duk da haka na amince in gwada da kaina, don na tuna watannin da na yi bayan aikin farko ko bokiti ba na iya ɗagawa.

Naƙuda ta zo da hantsi. Duk lokacin da nas ta sa abin jin bugun zuciyar jariri a cikina, fuskarta nake kallo. In suka yi magana ƙasa-ƙasa da Turanci sai in ce, "Me kuke ɓoye mini?" Nas ɗin ta fara maimaita mini komai da Hausa, ban daina tambaya ba. Kafin la'asar na haifi 'ya mace.

Wata maƙwabciyata ta zo barka, ta zauna tana lura da yadda nake tashi da zama. Da Inna ta fita ɗora ruwan wanka, sai ta matso ta rage murya.

"Tsakaninmu dai, da kanki kika haihu?"

Na ce da kaina. Ta ce to, Allah ya raya, idonta na kan cikina.