Ardis Tollefsrud, Matar da Ta Yi Shuka a Ƙarƙashin Ruwa

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, da hantsi, Karin, 'yar Ardis, ta buga mini waya ta ce, "Anti Verna, Mama ta tafi." Ina tsaye a kicin ina feraye dankali. Na ajiye wuƙar, na leƙa ta taga, sai na ga tafkin Skogen yana nan kwance kamar babu abin da ya faru. Haka Allah ya karɓi ran maƙwabciyata kuma aminiyata, Ardis Tollefsrud, tana da shekara saba'in da tara, a ɗakinta, a kan gadon da ta sa aka juya mata ya fuskanci ruwa.

Ardis, ke zan yi wa magana, don ban saba yin zancenki a bayan idonki ba.

Rabin mutanen garin nan sun bi ta ajinki a makarantar sakandare, inda kika koyar da ilimin tsirrai har gashinki ya yi fari. Za su faɗi alherinki, kuma ba za su yi ƙarya ba. Ni kuwa abin da na fi sani shi ne matar da ta kwashe rayuwarta tana son wata ciyawa wadda ba a ma ganinta sai an leƙa cikin ruwa. Sago muke ce mata. Ganyenta siriri ne kamar zare, tana baje shi a ƙarƙashin ruwa, ba ta fito da komai waje sai ɗan kan furenta. A cikin laka kuma tana ajiye 'yan ƙwayoyi kamar aya, kuma waɗannan ƙwayoyin su ne abincin agwagin daji masu jan kai da farin baya, waɗanda suke yada zango a tafkunan jiharmu ta Minnesota idan sanyi ya koro su daga arewa.

Sau nawa na kawo miki kofi, ina so mu yi hirar duniya, ki ɓuge da ba ni labarinta? Kika ce tana Alaska, tana Meziko, tana Turai da Asiya, har a tafkunan Afirka, kuma ruwa mai ɗan gishiri ma ba ya hana ta. Tsuntsaye ne suke haɗiye irinta su kai shi wata ƙasa. Na ce miki, "To, tun da ta cika duniya, me ya sa kike hana kanki barci a kanta?" Kika kalle ni ta saman tabarau kika ce, "Tana ko'ina, Verna, ban da ƙofar gidana."

Gaskiya kika faɗa. Babanki ya sha ba ki labarin yadda agwagin nan suke rufe tafkin Skogen da kaka. Kina yarinya kika ga ƙarshensu. Kifin karp ya shigo ta rafi, yana tonon laka kamar alade, ruwa ya zama kunu, rana ta daina kaiwa ƙasa, ciyawar ta mutu, agwagi suka riƙa wucewa ta samanmu ba sa ko waiwaye. Burinki ɗaya ne, kin kuma faɗe shi a gaban kowa ba kunya: ki ga sun sake sauka a nan kafin ki mutu.

Da wani mugun hunturu ya kashe yawancin kifin a ƙarƙashin ƙanƙara, aka kuma datse bakin rafin da ƙarfe, ruwa ya fara washewa. A lokacin kin riga kin yi ritaya, mijinki Delbert ya rasu, kowa yana zaton za ki zauna ki yi saƙa. Ina. Kika nemo izini, kika samo ƙwayoyin sago daga wani tafki, kika zauna a bayan gida kina cusa su cikin dunƙulen yumɓu don su nutse. Ni ce mai tuƙa kwalekwale, ke ce mai jefawa. Duk wanda ya hango mu sai ya ce tsofaffi biyu sun zare, suna jifan ruwa da laka. Shekara ta farko, 'yan tsiraru. Ta biyu, ta fi. Ta uku, in kika leƙa daga gadar katakonki, sai ki ga kore yana kaɗawa har inda ido ya tsaya. Na taɓa kama ki kina yi masa magana, ban dai faɗa wa kowa ba sai yau.

A wannan shekara ta uku ne aka yi miki aikin ƙugu, a ƙarshen Yuli, na bi ki birni ina jinya. Kowa ya san halin mutanenmu. Ba za su ce suna son mutum ba, sai dai su jira ya ba da baya su gyara masa wani abu. Kuma kowa ya san ranar sharar tafki, da maza suke fitowa da manjagara su kwashe ciyayin bakin ruwa don yara su sami wurin wanka, mata kuma su kawo tukwanen dankali da nama. Milo Brekke, maƙwabcinki na hagu, mutumin kirki wanda kansa bai taɓa ɗaukar bambancin wata ciyawa da wata ba, ya dubi gabar gidanki ya ga ta cunkushe. Tausayi ya kama shi. Ya tara mazan coci, suka yini cikin ruwa har ƙirji, suka share miki ita tas.

Ranar da na dawo da ke gida, suna tsaye a jere suna murmushi, kowa ya sa hannu a aljihu. Ga tulin ciyawa nan a kan yashi ya kai tsayin mutum, ya fara wari. Milo ya cire hula ya ce, "Ardis, ba wani abu ba ne, ɗan gyara muka yi miki. Yanzu sai ki yi wanka ba abin da zai naɗe miki ƙafa."

Ni dai jinina ya hau. Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai na ji kin matse mini hannu. Kika daɗe kina kallon tulin nan, kina dogare da sandar asibiti. Lokacin ciyawar ba ta gama ajiye ƙwayoyinta ba, kin san aikin shekara uku ne ya tafi. Sai kika ce, "To. Kun sha aiki." Wanda bai san mu ba zai ɗauka godiya ce. Milo ya san mu. Na ga fuskarsa ta sauya.

"Taki ce?" in ji shi.

"Tawa ce, Milo. Kawo mini kujera, ka kawo bokiti. Ku ma kada wanda ya tafi."

A nan kika zauna, ɗinki bai warke ba, kika sa ƙattin nan suka durƙusa suna tsince kawunan iri daga cikin ruɓaɓɓen tulin, kina nuna musu yadda ake gane ta: ganye siriri mai tsini, ba mai faɗi da lanƙwasa ba. Ba ki ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Da suka watse kika shiga ɗaki kika yi kuka, ni kaɗai na ji. Na tambaye ki me ya hana ki zage su. Kika ce, "In na zage su, gobe wa zai tuƙa mini kwalekwale? Ke kin tsufa." Ko a cikin hawaye sai da kika tsokane ni.

Abin da na fi jinjina miki ke nan, Ardis. Da ni ce, da har yau ba na gaisawa da Milo. Ke kuwa kin mai da shi na hannun damanki. Da ƙanƙara ta narke, shi ya fara ƙwanƙwasa miki ƙofa da yumɓu cike da baro. Mazan da suka yi ɓarnar su suka zauna a garejinsa suna mulmula dunƙule, suna zolayar juna, ana ce wa Milo sarkin shara. Ranar sharar tafki ba ta mutu ba, har yanzu ana cin dankali da nama, amma yanzu wurin wankan yara kawai ake sharewa, sauran gaba kuwa ba mai taɓawa.

Ciyawar ta dawo, a hankali, ta wuce gabarki ta bazu har tsallake. Agwagin ne suka ƙi. Kowace kaka kina zaune a bakin ruwa cikin bargo, kina kallon sama, su zo su wuce. Ciwon da ya ci ki kuma bai jira su ba.

A watan Satumba, da kika kasa tashi, ni da Milo muka ga ba mu da abin kawo miki. Sai ya jefa manjagara sau ɗaya tak, ya ciro ɗan dami, muka sa a bokiti muka shigo da shi har bakin gadonki. Kika tsoma hannu, kika laluba saiwar, kika sami ƙwayoyin sun yi ɓul-ɓul. Kika shinshina. Idonki a rufe kika ce, "Milo Brekke, wa ya sake ba ka manjagara?" Muka yi dariya mu uku har ta zama kuka. Sannan kika ce, "Abinci ya nuna. Ko ina nan ko ba na nan, agwagin za su gane." Kika sa ya mayar da damin cikin ruwa a ranar.

Ba ki gan su ba, Ardis. Wannan ya tsaya mini a rai, kuma ba zan yi kamar bai dame ni ba. Mun binne ki ranar Asabar kusa da Delbert. A makon da ya biyo, da sassafe, wayar gidanki ta yi ƙara, Karin tana haɗa kayanki ta ɗauka. Milo ne, yana haki, bai ko yi gaisuwa ba: "Ardis, duba taga, sun sauka." Sai a lokacin ya tuna ba kya nan. Karin ta je bakin taga da wayar a kunne. Ta ce masa, "Ina dubawa, Baba Milo. Ina ganinsu." Ni ma na gan su daga kicin ɗina, jajayen kawuna birjik a gaban gadar katakonki, suna nutsewa suna fitowa.

Allah ya ji ƙanki, Ardis. Ya yafe miki kurakuranki, ya dubi haƙurin da kika yi da mutane ya yi miki wanda ya fi shi, ya ba ki hutawa a wuri mai sanyi da ruwa garau. Karin, da ke da mijinki da yaranku, da ƙanin mahaifiyarki Arlen da iyalinsa, ina yi muku ta'aziyya, Allah ya ba ku haƙuri da ƙarfin zuciya. Milo, kai ma na yi maka, don na san abin da ka rasa. Kwalekwalenta yana nan a wurina. In Allah ya kai mu narkewar ƙanƙara, ka zo da yumɓu, ni zan tuƙa.