Mil Uku Ta Hanyar Gawa

Enid Kearton guntuwar mace ce. Sai ta ɗora matashi biyu a kujerar direba kafin ta hango titi, amma ta fi shekara talatin tana jan bas ɗin makaranta a kwarin nan namu, ko tunkiya ba ta taɓa bugewa ba. Ni ce mai dafa abincin makarantar, Madge ake ce mini, kuma tare muka taso da ita. Abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

A Thorngarth aka haife ta, can ƙuryar kwari inda kwalta ta ƙare. A can ta auri Wilf makiyayi, a can ya mutu ya bar ta ba ɗa ba jika. Baki kuwa Allah Ya ba ta. Yaro ya makara sai ta zuge gilashi: "Kai ɗan gidan Calvert, haka na yi ta jiran ubanka, ga shi har yau bai isa ko'ina ba!" Amma aljihunta ba ya rabo da alewa, kuma ba ta taɓa barin yaro a ruwa ba.

Zuwa lokacin da nake magana, gida biyu kaɗai ke hayaƙi a Thorngarth: nata, da na Neil Peacock mai tumaki. Matarsa Dawn tana aiki a gidan kula da tsofaffi a birni, ta fita da duhu ta dawo da duhu. 'Yarsu ɗaya, Bryony.

Dokar ƙaramar hukuma ita ce, yaron da ya kai shekara takwas ba shi da kujera a bas sai in daga gidansu zuwa makaranta ya kai mil uku. Ta kwalta Thorngarth ta haura huɗu, don haka ba wanda ya taɓa damuwa. Shekarar da Bryony ta cika tara sai suka sake awo da kwamfuta, wai hanyar ƙafa mafi kusa ita ce abin dubawa. Kwamfutar ta tono tsohuwar hanyar da ta bi ta kan tudu ta faɗo bayan coci, dab da katangar makaranta. Ba ta kai uku ba. Shi ke nan, kujerar yarinya ta tafi.

Mu Hanyar Gawa muke ce mata. Thorngarth ba ta taɓa yin maƙabarta ba, ta nan kakanninmu ke sauko da mamaci a kafaɗa zuwa maƙabartar da ke bayan coci. Sauka ake yi ta wurin, ba a hawa. In an binne sai masu rakiya su zagaya ta ƙasan kwari su koma gida, don kada wanda aka kai ya ga hanya ya biyo su. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana. Ranar da ka gwada hawa uwarka za ta make ka, ka gane.

Sun turo wata ma'aikaciya ta duba, yarinya mai hankali, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta sauko da hantsi rana na haskawa, ta ce hanya lafiya lau, har ta yaba kyan wurin.

Enid ta ce, "Kin sauko. Kin hau kuwa?"

"Ai tsawon ɗaya ne, Misis Kearton."

Enid ta ci gaba da ɗaukar Bryony a ɓoye, har mai bas ɗin ya ji. Ya ce inshora ba ta san da yarinyar ba, in aka kama su aikin duka za a ƙwace, sauran yaran su rasa. Enid ba ta da motar kanta. Kwaltar kuma ba ta da gefe, ga manyan motocin masu fasa dutse. Ta sami Neil a garke, ta ce kada ya bar 'yarsa ta hau Hanyar Gawa.

Ya ce, "Haba Anti Enid, a wannan zamanin? Tumakina kullum ta nan suke hawa."

"Tumaki ba su da kowa a bayan coci, sakarai."

Dariya ya yi. Ba mugu ba ne, aiki ne ya sha kansa. Haka Bryony ta fara bin hanyar ita kaɗai, safe da yamma.

A watan Nuwamba, lokacin da duhu ke fara sauka tun ana tashi makaranta, Bryony ta tsaya a tagar kicin da farantinta, ba ta ci komai ba.

"Anti Madge, wa ke biyo ni in zan koma gida?"

"Wa kika gani?"

"Ban ga kowa ba. In na wuce ƙyauren gona ina rufewa, yadda Baba ya ce. In na yi gaba kaɗan sai in ji an buɗe, an sake rufewa, har da sakata."

Ludayin da ke hannuna sai da na ajiye shi. Baƙo ba ya rufe ƙyaure, kowa ya sani, kullum faɗan da muke yi da masu yawon buɗe ido ke nan. Mai rufewa har da sakata ɗan kwarin nan ne.

Na gaya wa Enid. Sai ta ajiye aiki, ta kai wa mai bas mukullansa. Mace mai kusan shekara saba'in, ga ciwon gwiwa, ta koma saukowa da rana tana jira a bakin makaranta da sanda. Yarinya a gaba, ita a baya. "Kar ki kuskura ki waiwaya," take ce mata. "Ba ni labarin wanda ya yi rashin ji yau."

Bryony ta dawo cin abinci. Enid ce ta fara zubewa. Wata Lahadi na kai mata biredi, na same ta tsaye jikin murhu, kujerun teburinta duk an jawo su an jera gaban wuta, ba kowa a kai.

"Baƙi kika yi?"

"Sanyi suke ji, Madge. Kullum muka hau sai ɗaya ya ƙaru."

Na ce, "Ke dai bari, tsufa ne ya fara taɓa ki." Amma ban zauna ba. Na tambaye ta a hankali, "Har da Wilf?"

"Shi ne na farko. Da shi kaɗai ne wallahi da ban damu ba." Ta dubi taga, wajen gidan su Neil. "Gidan nan ya yi musu kaɗan. Sun fara leƙen can."

Tsoro ya kama ni, na dawo gida da sauran rana, kuma ta kwalta.

A watan Fabrairu ta faɗi a mashigin rafi, ƙugu ya karye. Bryony ce ta ruga ta kira ubanta. Na je asibiti na tarar da ita 'yar mitsitsiya cikin farin bargo, amma bakin na nan.

"Kar ki zo ki yi mini kuka a ka, ba ki iya ba. Kuma ba zamewa na yi ba. Tsayawa na yi na juya, na ce musu ga ni, in dai rakiya suke so ni zan mai da su." Ta kama hannuna. "In na mutu kar a sa ni a mota. A kai ni gidana, a buɗe ƙofa, a sauko da ni a kafaɗa."

A makon da ta rasu hukuma ta sake zama. Tunda an sami wanda ya ji rauni, hanyar ta zama mai haɗari, a mai da wa yarinya kujerarta. Sai da tsohuwa ta karye sannan! Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Mun yi mata yadda ta ce. Maza shida suka ɗauka, Neil a gaba, wasu shida na biye don karɓa. Ba a yi nisa ba suka nemi canji. Ƙarti ne masu saɓa rago su haura tudu da shi, amma ga su gumi na ɗiga cikin wannan sanyi, ba mai kallon ɗan'uwansa. Sau da yawa ana saukewa ana hutawa. Da aka shiga ƙofar coci sai na ga dukansu sun yi tangaɗi gaba lokaci guda, kamar wanda ya ɗaga bokiti yana zaton cike yake.

Bayan an binne Neil ya zo kusa da ni yana murza kafaɗa. Ya ce, "Anti Madge, Enid fa da hannu ɗaya zan iya ɗaga ta." Na ce ya rufe mini baki.

Ranar Litinin bas ya tsaya wa Bryony a ƙofar gida, ya kuma dawo da ita. Dawn ce ta gaya mini, da yamman nan yarinyar ta daɗe tsaye a tsakar gida da jakarta a baya, tana saurare. Sannan ta shigo ta ce, "Mama, gidan Anti Enid ya yi shiru yanzu."

Dawn ba ta tambaye ta abin da take ji a da ba.