Tsattsauran Ra'ayin Mai Aski

Kafin zuwan masu faɗaɗa titi, Mai Aski bai taɓa ba bishiyar ƙofar shagonsa ko kofin ruwa ba. Ƙusa ya kafa mata yana rataye tawul, kullum kuma cikin zagin tsuntsayenta yake saboda suna ɓata masa benci. Amma ranar da aka shafa mata jan fenti, alamar za a sare ta, sai ya ari sarƙar babur ya ɗaure ƙugunsa a jikinta.

'Yarsa da ke jami'a ce ta kawo kalmar.

"Baba, ka zama mai tsattsauran ra'ayin kare muhalli."

"Su wane ne kuma haka?"

"Waɗanda suka gaji da roƙo, suke tare zarto da jikinsu. Wasu har iskar taya suke sacewa."

"Taya fa?" in ji shi, yana ƙare wa motar ma'aikatan kallo.

Unguwa ta ga kalmar ta yi tsawo, ta yi mata aski. Ya koma Tsattsaura. Ko mace ce ta hana a taɓa tukunyar furenta, sai a ce ta shiga jam'iyyarsa.

Abin da ba a faɗa a fili shi ne, a wannan inuwar wata mai lemo take kasa tirenta, bazawara mai wushirya, kuma ta ce in aka sare tasha za ta koma. Tun da ta fara zama a wurin, madubin shagon ya karkace. Wanda ake yi wa aski rabin fuskarsa yake gani, Mai Aski kuwa yana ganin tiren gaba ɗaya.

Da rana ta take, ma'aikata suka gaji da lallashi, mai lemon ce ta taso, wuƙar fere a hannu.

"Malam, kwance. Sarƙar nan ta ci maka tumbi."

"Muhalli nake karewa."

"Muhallin da ke sa ka sayen lemo kullum, alhali likita ya hana ka tsami?"

Tsattsaura ya kalli sama kamar tsuntsayen za su ba shi amsa.

Ta rage murya. "In don inuwa ce, rumfar kwano ma inuwa ce."

An sare bishiyar. Kafin mako ya fita rumfa ta tsaya jingine da bangon shagon, tiren lemo a ƙarƙashinta, gefenta ga ɗan dashe cikin tsohuwar taya. Wannan kam yana shan ruwa safe da yamma. Madubin ma ya miƙe, don yanzu juyawa kawai Mai Aski yake yi.