Bindigar Auta Ba Ta Shiga Makka

A gidanmu na unguwar Tandabawi a Makka ba a korar tattabara. Ko a kan shanya ta yi kashi, sai dai ka sake wanki ka ja bakinka ka yi shiru, domin Inna, mahaifiyata, tana zaune a kan tabarmarta tana kallonka. Tana 'yar yarinya iyayenta suka zo da ita aikin Hajji suka zauna, kuma abin da ta fara koya a garin nan shi ne, cikin iyakar Harami ba a farauta, ba a tsinke ciyawa, ba a firgita tsuntsu, ba a yawo da makami. Ni a nan aka haife ni, a nan na yi aure, a nan na fara furfura, amma har yau in na ɗaga tsintsiya wajen tattabara sai na waiga.

To, a wannan gida ne autata ta ce tana so ta sayi bindiga.

Bari in koma baya kaɗan. Bayan rasuwar mahaifinta yarinyar nan ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Ta gama karatu, ga takarda a hannu, amma ba neman aiki, ba biki, ba suna, ko waya aka yi mata sai ta kife ta. Ni mafaɗaciya ce, kowa ya sani. Na yi faɗan har muryata ta dushe, na koma lallashi, abin da ban iya ba. Wallahi na tsorata, don ina kallon 'yata tana ramewa a gabana ba yadda zan yi. Wata ƙawarta ta makaranta ce ta ja ta da ƙyar zuwa nadi, wato kulob na mata inda ake koyon harbin takarda. Da yamma ta dawo tana zuba surutu, rabi Larabci rabi Hausa, ta ci shinkafa ta nemi ƙari. Na shiga madafa na yi kukana ni kaɗai.

Daga nan duk Asabar tana can. Bayan wasu watanni mai koya musu ta ce hannunta ba ya rawa, ya kamata ta shiga gasa, amma bindigogin haya na nadin sun sha hannu, yau wannan ta cije, gobe waccan ta karkace. Gara ta nemi lasisi ta mallaki tata, ƙarama, mai sauƙin kuɗi.

Muna cin abincin rana ta kawo maganar. Inna ta tsame hannunta daga kwano.

"Bindiga? A Makka?"

"Sitti, ta wasa ce fa," in ji auta. Haka take kiran kakarta, irin na mutanen nan. "Takarda kawai ake harbi."

"Takwara, tun da aka haife ki ban taɓa hana ki komai ba. Wannan kam ban yarda ba. Ashe ma abin da kike zuwa yi ke nan."

Sunan Inna aka sa wa yarinyar, kuma tun tana rarrafe ba ta taɓa tsallake maganarta ba. Ni takan mayar mini da magana son ranta, kakarta kuwa ko ƙifta ido. Ta ce, "To, Sitti," ta tashi ta wanke hannu. Asabar ta zo ba ta fita ba. Ta gaba ma haka. Ƙofar ɗakin nan ta sake rufuwa.

Raina ya ɓaci da su duka biyun. Na sami Inna na ce, "Haba Inna, wa yarinyar nan za ta kashe? Ko kyankyaso ta gani ni take kira."

Ta ce, "Ni na ce miki mutum za ta harba? Ƙasar ce. Ƙasar nan ba a ɗaukar makami a kanta. Ko hukuma ta ba ta takarda, ni ban ba ta ba."

Na yi kwanaki ina juya maganar, ƙasar ce, ƙasar ce. Ina tsinkar ganyen molohiya, wato lalo, sai ya faɗo mini cewa ban taɓa tambayar inda nadin yake ba. Mu da aka haifa a nan, duk inda mota ta kai ka ta dawo da kai kafin shayi ya huce, Makka muke ce masa. Inna kuwa tata Makkar tana da iyaka, da ginshiƙai a bakin hanya. Na buga ƙofar auta da hannuna duk ganye, na ce, "Ke, wajen harbin nan naku a ina yake?"

"Gaba da Arfa, kan hanyar Ɗa'ifa."

Na riƙe baki. Duk shekara lokacin Hajji a Arfa nake aikin dafa wa alhazai abinci, na wuce ginshiƙan nan ba adadi, kuma ko yaron goye ya san Arfa ba ta cikin Harami. Na ce, "Amma ke dai an yi shashasha. Shi ne kika bar mu muna ta hayaniya?" Ta ce ai ba wanda ya tambaye ta.

Da na kai wa Inna labari ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Cewa ta yi, "Sai na gani da idona."

Asabar da hantsi muka fita, auta tana tuƙi, Inna a gaba da carbinta, ni a baya kamar kaya. Muka bi ta Muzdalifa. In ba lokacin Hajji ba wurin fayau yake, daga fitilu sai jerin famfuna, ba motocin alhazai, ba kowa. Idon Inna na kan hanya. Da ginshiƙan suka bayyana ta ce a rage gudu. Ta leƙa ta taga ta dube su sama da ƙasa, har suka koma bayanmu, sannan ta gyara zama ta ce, "Mun fita."

A nadin aka ɗora wa Inna abin toshe kunne a kan mayafi, ta zama kamar matuƙin jirgi, na yi ta danne dariya. Mai koyarwar, wata doguwar mace mai fara'a, ta gaishe ta da girmamawa, ta shimfiɗa ƙyalle a kan tebur ta jera ƙananan bindigogi uku. Ta ce duka masu ƙaramin harsashi ne, wanda suke kira ashirin da biyu. Harsashinsa yana da araha, ba ya dukan hannu, mai koyo zai yi ta harbi bai gaji ba.

Ni nan take idona ya faɗa kan wata 'yar mitsitsiya mai ƙyalli. Na ce wannan ta dace da mace, ga ta kuma ita ce mafi araha. Auta ta ɗauka ta gwada. Gajeren bakinta sai tsalle yake yi, harsasan suka watsu ko'ina a takardar, ba a je ko'ina ba ma ta cije. Inna ta harare ni ta ce, "Haka kike sayen tukunya." Ta biyun kyakkyawa ce, irin ta manyan 'yan gasa. Na tambayi kuɗinta, aka faɗa, na mayar da hannuwana baya don kada in taɓa ta bisa kuskure.

Ta ukun baƙa ce, ta hannu, fentin mariƙinta ya koɗe, bakinta dogo, da ɗan nauyi. Wata ce ta yi shekaru da ita za ta canja. Sai da mai koyarwar ta buɗe ta ta nuna mana ba komai a ciki, sannan Inna ta karɓa da hannu biyu tana jinjinawa. Ta ce da ni, "Tambayar mini ita, a cikinsu wacce ce ba ta gardama?" Inna tana jin Larabci sarai, amma in ciniki ya zo sai ta ce ba ta ji.

Matar ta nuna baƙar. Ta ce kowane irin harsashi aka ba ta tana ci, wankinta ba wuya, in wani abu ya lalace akwai kayan gyaranta a Jidda.

"Kamar keken ɗinkina ke nan," in ji Inna.

Auta ta karɓi baƙar ta tsaya a layi, ta ware ƙafa, ta ɗaga hannu. Na daɗe ban ga fuskarta a natse haka ba. Ta ja numfashi, ta matsa kunama a hankali, tas, tas, tas. Da aka jawo takardar, hudojin sun taru wuri ɗaya, bakin finjalin gahawa zai rufe su. Inna ta sa yatsa ta shafa su.

"A ina bindigar take kwana?" in ji ta.

Aka kai ta wani ɗaki mai akwatunan ƙarfe jere a bango, kowanne da makulli. Ta kama hannun ɗaya ta girgiza da ƙarfinta. Ta tambaya ko ranar gasa za a bi da ita ta cikin gari, aka ce nadin ne ke ɗauka, ta hanyar da ke zagaye gari ta waje. Sai ta ce, "Ku sayi baƙar." Auta ta rungume ta har abin kunnen ya faɗi. Aka fara cike takardun lasisi.

A hanyar dawowa, ginshiƙan suna hangowa daga nesa, Inna ta ce a tsaya. Auta ta gangara gefen titi.

"Miƙo jakarki," in ji Inna.

Ta zazzage ta a cinyarta, ga waya, ga turare, ga makullai. Sai wani ɗan abu mai ruwan tagulla ya gangaro, kwanson harsashi. Auta ta ce mai koyarwar ce ta ba ta, na harbinta na farko ne da baƙar bindigar. Na riga na sauke gilashi, ina cewa a miƙo in jefar, kada ɗan ƙarfen nan ya rushe mana komai.

Inna ba ta kula ni ba. Ta ɗaga shi ta leƙa cikinsa, ta shinshina, ta hura.

"Fanko ne," ta ce. "Wannan ba makami ba ne."

Auta ta miƙa hannu za ta karɓa, Inna ta buge hannun. Ta jawo bakin mayafinta, inda take ƙulle makullin akwatinta, ta kwance, ta sa kwanson kusa da shi, ta ƙulle tam.

"Ja mu tafi, takwara, ban zuba wa tattabaru hatsi ba. Ranar gasar kuma ki tashe ni da wuri, ni ce a gaba."