Na Je Madina Yi wa Hajara Faɗa

Ana sallame asuba motarmu ta bar Makka. Hanya sumul, ko rami ɗaya babu, 'yan ayarinmu sai barci. Ni kuwa na ƙura wa baƙaƙen duwatsu ido, ina shirya faɗan da zan yi wa Hajara.

Aminiyata ce tun muna 'yan mata a Gusau, aure ya kai ta Madina. Wata da watanni ina tura mata saƙon murya, ina ganin an buɗe, amsa shiru. Jikata ta ce wai a Turancin yaran yanzu sunan wannan gostin: mutum ya ɗauke maka ƙafa, ba faɗa ba sallama. Wai daga gos aka samo shi, wato fatalwa. Na ce ita fatalwa ai takan leƙo. Muka yi dariya, amma abin ya ci mini rai.

A hanya aka ɗora mana shinkafa da kaza, ba miya ba yaji. Kuɗin kuwa, in ka juya shi zuwa naira sai ka ƙoshi.

Washegari na tari tasi ni kaɗai zuwa Awali, unguwar gonakin dabino masu dogayen katangu. 'Yar Hajara ce ta buɗe mini, haifaffiyar can, tana jin Hausa amma da Larabci take mayarwa. Ta kawo gahawa da dabino, ta daɗe tana haɗa kalmomi, sannan ta kira ni Hala, wato inna da Larabci.

"Hala, Ummi ta rasu tun Sha'aban. Wayarta tana wurina. Kullum ina jin muryarki, amma bakina ba ya iya faɗa miki da Hausa."

Na ce a kai ni kabarinta. Ashe a maƙabartar Baƙi'a mata ba sa shiga, kuma ba a rubuta suna. Na tsaya daga waje, na riƙe ƙarfen shinge, na yi wa dukan filin addu'a, tunda ban san inda zan kalla ba. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan yammacin ba, ga mutane ko'ina.

Mun dawo Gusau lafiya, gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Abin da na koyo shi ne, in naka ya yi shiru, ka nemi mai leƙa maka shi tun da wuri. Ina raba dabino da zamzam na lura kowa Hajiya yake ce mini. Ba sauran mai kira na da sunana na yanka.