Dikko, An Maido Shanun An Bar Ka a Kandi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris, 2006, Allah Ya karɓi ran Malam Dikko na Adabka a wani ƙauye kusa da Kandi, cikin Jamhuriyar Benin, inda ya kai shanun Alhaji Labbo kiwon rani. Labarin ya iso mana Bukkuyum bayan an riga an rufe shi.

Dikko, duk makiyayin haya da ya taɓa ƙetare iyaka daga yankinmu ya san inuwar da kake zama ranar kasuwar Gummi. Nan kake tare masu shirin tafiya, ka hana su gaggawa. Kai ka koya musu kada su karɓi sanda sai an yi magana gaban ardo da mai unguwa. Kakan ce wa kowannensu: maraƙin ladanka, a tsaga masa kunne da shaidarka ranar da aka ba ka shi. Katin shaidarka ya zauna jikinka, ba aljihun mai shanu ba. In dabba ta shiga gonar mutane can ƙetare, a san tun daga gida wa zai biya tara. Ka hana su canjin kuɗin sefa hannun wanda ya fara tare su bakin iyaka. Amma tambayar da ka fi nanatawa, har ana yi maka dariya, ita ce: "In ciwo ya kada ni can, wa ka maido ni gida?"

Badaru, magidanci mai 'ya'ya huɗu, bai manta ba. Shekarar da maciji ya sare shi a dajin Benin, wannan tambaya ce ta tilasta wa maigidansa aika mota.

Kai kuwa ba ka taɓa yi wa Alhaji Labbo ita ba. Na yi maka magana, ka yi murmushi ka ce tare kuka tashi, nono ɗaya Innarka ta dama muku, kunya ba za ta bar ka ka kira masa shaidu ba.

Da zazzaɓi ya kwantar da kai, ka aiko wa Alhaji gida. Mutanen da ke wurin sun shaida mini abin da ya fara fitowa bakin Alhaji: "Shanun hwa?" Ya tura mutum biyu da guzuri, suka koro garken har gida, ko maraƙi bai ɓata ba. Kai aka bar ka a bukka hannun baƙi, waɗanda ba su san ko sunan mahaifinka ba. Su suka yi jinyarka, su suka yi maka sutura. Allah Ya saka musu.

Ina rubuta wannan raina a ɓace. Ban taɓa jin ƙyamar mutum kamar ranar sadakar uku ba, da na ga Alhaji ya zauna sahun gaba cikin babbar riga, yana share ido da hannun riga, yana cewa ya yi rashin ɗan'uwa. Ba a ko shafa fatiha ba ya juya yana tambayar wanda zai kai masa shanun baɗi, matarka Hawwa'u na jin sa daga bayan zana. Tir!

Sai Badaru ya ɗago kai, bai ɗaga murya ba, ya ce: "Alhaji, in ciwo ya kada ni can, wa ka maido ni gida?" Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Alhaji ya nemi takalminsa. Har yau bai samu makiyayi ba, daga Anka har Zugu.

Allah Ya jiƙanka, Dikko, Ya haskaka wannan kabari da ba mu san inda yake ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hawwa'u da 'yarku Munira da dukkan makiyayan Adabka. Allah Ya ba su haƙuri, Ya sa Aljanna ce gidan da aka maido ka.